Zarnin Ɗakin Mek Limah

"Kuɗinki ki riƙe abinki," in ji Deraman kafinta. "Ga yadda za mu yi. Duk katakon da zarni ya ci har ya zama sai an cire shi, nawa ne. Ni zan kawo sabo in buga a gurbinsa. Wanki da kankara kuwa sadaka ce na yi wa marigayiya."

Rosnani tana zaune a matakalar gidan mahaifiyarta, ƙyallen rufe hanci na rataye a wuyanta. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Na yarda, Baba."

Deraman ya yi turus. Ya zo da shirin ja-in-ja, har ya tanadi rantsuwa biyu da zai yi idan ta yi gardama. Daɓen gidan nan na katakon cengal ne, irin wanda yanzu ko a mafarki ba a samunsa, masu otal-otal na bakin teku suna bin sa gida-gida don su yi teburan da baƙi ke so. Wanda zai buga mata kuwa katakon kasuwa ne, mai laushi, abincin gara. A ransa ya ce, yarinya ta daɗe a Singafo, ta manta darajar abin da take takawa.

"Amma da sharaɗi biyu," ta ce. "Ka gama yau kafin magariba. Kawu Wan Jusoh zai zo ya duba. Kai za ka gaya masa da bakinka abin da ya ɓata gidan, ka kuma gaya masa zarnin ya fita."

"Wannan ai ba sai an faɗa ba, 'yata. Har kajin garin nan sun san maguna ne."

"To, haka za ka faɗa. Na biyu, in za ka tafi ka ɗauke magunan, ka sauke su a kasuwar kifi ta Kuala Besut."

Ya leƙa ƙarƙashin gidan, wanda aka ɗora a kan dirkoki kamar sauran gidajen ƙauyen. Tsakanin dirkoki, a kan yashi, an kife manyan kwandunan kaji guda biyu, an ɗora musu duwatsu. Idanuwa sai ƙyalli suke ta ramukan saƙar. Ya ƙirga mage goma sha ɗaya.

"Na sallama," ya ce.

Yau kwana talatin da takwas da rasuwar Mek Limah, mahaifiyar Rosnani, jibi sadakar arba'in. Shekara talatin ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyen, macen da in ta shiga gidanka ka ji kunyar ƙurar da ke kan taga. Sai ga shi a shekararta ta ƙarshe ta daina barin kowa ya wuce baranda. Magunanta biyu suka zama biyar, suka zama goma sha ɗaya. Duk wanda ya zo gaisuwa ya ɗan yamutsa hanci, sai ta riga shi: "Ka yi haƙuri, 'ya'yan nan nawa ba su da tarbiyya." Mutane suka ce tsufa ne ya taɓa ta. A asibiti ta cika, a masallaci aka yi mata wanka, don haka babu wanda ya shiga ɗakinta sai da 'yarta ta dawo. Ƙaninta Wan Jusoh ya yanke hukunci: ba zai tara maza su shimfiɗa goshi a kan najasa ba. In gidan bai tsarkaka ba, a masallaci za a yi addu'ar, kuma kowa zai san dalili. Rosnani kuwa ta ce a ɗakin uwarta za a yi.

Deraman ya cire takalmi ya hau da kayan aikinsa. Yana tura ƙofa abin ya doke shi har idonsa ya kawo ruwa.

"Me kika zuba a nan?"

"Bilic. Sau uku. Sai ruwan ƙamshi, sai turaren wuta."

"Kin yi wa jaki kwalliya. Bilic da fitsari in suka haɗu ƙirjinki za su ƙona, shi kuma zarnin yana nan yana miki dariya. Buɗe tagogin nan duka. Fitsarin mage gishiri yake bari a cikin katako. In ya bushe sai ya yi barci, ki ɗauka ya tafi. Ranar da iskar damina ta taso daga teku ya farka, kamar jiya aka yi shi."

Gidan duka an shimfiɗe shi da leda mai zanen furanni, daga baranda har ƙurya. Ba shimfiɗa kawai ba, an manne ta da gam, bango zuwa bango.

"Wane mai hikimar ne ya yi wannan?"

"Ni ce," in ji Rosnani. "Shekara biyu da suka wuce. Ta ce sanyi na shigo mata ta ƙasa, sai na kira wani kanti a Jerteh suka zo suka manna."

Deraman ya naɗe hannun riga. Ya sa wuƙa ya tsaga ledar falon gida huɗu, ya riƙa ɓamɓarowa yana naɗewa, tana jefawa ta taga. Da katako ya bayyana, sai ya durƙusa da gwiwa da tafin hannu, ya bi shi da hanci kamar mai neman allura. Haka ake aikin, babu wata na'ura da ta fi hanci. Inda ya ji abu sai ya zana da alli. Ya zana lungu biyu a falon, da gindin ƙofar kicin, da bayan kabad. A nan maguna suke yi, lungu da gindin bango, inda ba a ganinsu. Fitsarin bai shiga katakon sosai ba. Ya haɗa ruwan kal da ruwa ya jiƙa wuraren, ya ce ta kawo tsofaffin zannuwa su danna su tsotse, kada ta goga don kada ya bazu. Sannan ya barbaɗa garin soda ya bar shi ya sha iska.

Ransa bai yi daɗi ba. Falo duka ba katako ko ɗaya da zai iya rantsewa ya lalace.

Ya aike ta kanti ta ƙaro garin soda da buhun gawayi, ya shiga ɗakin barcin shi kaɗai.

Gadon ƙarfe ne, an ɗauke katifar. Ya janye shi, ya ɓamɓare ledar gabansa. Katakon ya yi baƙi ƙirin, ya jiƙe har ciki, faɗin tabarmar salla. Ga abin da ya zo nema. Ya durƙusa ya kai hancinsa, sai ya tsaya a haka.

Mage ba ta yi a tsakiyar ɗaki, daidai inda mutum ke sauke ƙafa in ya tashi daga gado. Kuma zarnin mage yana da kaifi, yana soka kamar barkono. Wannan mai nauyi ne, da ɗan warin magani a ƙarƙashinsa. Deraman ya yi jinyar matarsa wata takwas kafin ta rasu. Ya san shi, fitsarin mutum ne.

Ya ci gaba da ɓamɓara. Inda ledar ta haɗu da 'yar'uwarta ruwan ya ratsa, ya bar tabo a jere, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa hanyar bayan gida. Banɗakin yana ƙasa, sai an sauka matakala tara. Tabon bai taɓa kaiwa matakala ba. A jikin bango, daidai ƙugu, fenti ya goge ya yi sheƙi, wurin da hannu yake dafawa kullum.

A ƙuryar ɗakin ya ga an liƙa salatef a kan ledar. Ya ɓare. Tsaga ce ta wuƙa, tsawon ɗan yatsa, a karkace, irin ta hannun da ke rawa. An fara yankawa aka fasa, aka liƙe da kyau, har an daidaita zanen furen. Ya ɗaga ledar wurin, ya ga abin da ya riga ya sani zai gani.

Duk tsohon gida a ƙasar nan yana da wannan wurin: katako biyar ko shida da aka buga da tazara tsakaninsu, kana hango yashin ƙasa. A nan mace take haihuwa, a nan ake wanke gawa, a nan tsohon da ƙafa ta gaza yake biyan buƙatarsa, a kwara ruwa buta biyu ya bi yashi, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Kakanni ba wawaye ba ne. Yaran kantin Jerteh sun shafa gam sun rufe shi ruf.

Deraman ya yanke guntun ledar mai salatef, ya ninke, ya tura a aljihun wandonsa.

"Salamu alaikum! Ko zarnin ya kashe mai aikin ne?"

Mek Som ce, maƙwabciya, da faranti a hannu, kofi da soyayyar ayaba. Kafin ya miƙe har ta ratsa falo. Ya yi sauri ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya cika ta da jikinsa.

"Yau kuma ni ake kawo wa kofi? Shekara goma ina wucewa ta ƙofarki, ko ruwan alwala ba ki taɓa ba ni ba."

"Wa zai ba ka? Ka sha ruwan ka tafi da butar. Matsa in gani mana."

"Na zuba magani. In kika shaƙa, sauran haƙoran nan uku za su zube."

"Huɗu ne, makaho." Ta miƙa wuya ta saman kafaɗarsa, tana buɗa hanci. "Ni fa, Deraman, na yi kiwon mage tun ina budurwa. Wani lokacin in na zo gaishe ta, sai in ji kamar..."

"Kamar me? Ke da kike kwana da tulun budu, jiƙaƙƙen kifin nan mai ɗoyi, a gindin gado, har kina da hancin da za ki bambance wari? Ni da na yi shekara arba'in ina shinshina daɓen mutane na ce miki maguna ne. Akwai wani ƙaton namiji mai jan gashi, shi kaɗai ya isa ya kori liman daga masallaci."

Ta yi dariya, ta ce ai ta san ɗan banzan, ya taɓa sace mata kifi a kan wuta. Ya karɓi farantin, ya raka ta har matakala, bai koma ba sai da ya ga ta shige gidanta.

Da Rosnani ta dawo ta same shi ya fara zare ƙusoshi a gaban gado.

"Maguna sun yi ɓarna a nan, 'yata," ya ce, bai dube ta ba. "Sun sami wuri mai ɗumi ne. Katako bakwai za su fita. Ki je ki huta a baranda, ƙurar ba ta da kyau."

Ta ajiye gawayin. Ba ta tafi ba. Ta zauna a bakin ƙarfen gadon, ta zura wa baƙin tabon ido.

"Baba, ka san aikin da nake yi a Singafo?"

"An ce a asibiti kike."

"Gidan tsofaffi ne. Shekara goma sha ɗaya. Gado ashirin da huɗu ne a ɓangarena. Kullum da safe ni nake cire musu ƙunzugu, in wanke su, in shafa musu hoda. Akwai wata tsohuwa da ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ni, tana kirana 'yarta." Ta ja numfashi. "Tun daga matakala na gane, ranar da na buɗe gidan nan. Ban ma ajiye jakata ba."

Ƙarfen da ke hannun Deraman ya yi masa nauyi. Ya ajiye shi a hankali.

"Duk Juma'a muna waya. In ce, Inna, lafiya? Ta ce lafiya lau, sai dai magunan nan. In yi dariya. In ce ki rage su mana. Ta ce ai su ne abokan hira." Ta juya ta kalli ƙuryar ɗakin, inda hasken yashi ke shigowa ta tsakanin katakai. "A nan aka haife ni. A nan kakata ta yi shekara biyu, ina ƙarama ni nake ɗauko butar. Na sani sarai. Da masu kantin suka tambaye ni a waya ko a bar wani wuri, na ce su rufe ko'ina, kada sanyi ya shigo. Ina cikin aiki, wani tsoho ya ɓata gadonsa, ina sauri."

"Alheri kika yi niyya."

"Me ya sa ba ta yanke ba, Baba? Wuƙa kawai za ta sa. Leda ce fa. Leda."

Ya ji guntun yana tokarar cinyarsa ta cikin aljihu. Deraman ya yi ƙarya a rayuwarsa ba adadi, a kan itace, a kan awo, a kan ranar gama aiki, kuma bai taɓa jin harshensa ya yi nauyi ba sai yau.

"Ba ta ko tuna da wurin ba," ya ce. "Na duba, ledar lafiyarta ƙalau, ba ko ƙwarzane. Tsofaffin yanzu sun saba da banɗaki, wa yake tuna wannan? Ko ba ki rufe ba, ba za ta yi amfani da shi ba. Kin san ta da tsantseni."

Ta dube shi ta daɗe. Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, Allah ne masani. Ta sa bakin mayafinta ta share fuska.

"Ta wanke matan garin nan kaf," ta ce. "Ba wadda ta taɓa jin sirrin gawarta a bakin Inna. Ba zan bari a zauna ana cin shinkafar sadakarta ana cewa ta mutu cikin fitsarinta ba, 'yarta tana can tana wanke na wasu."

"Shi ya sa ba ki taya cinikin ba."

"Na san kuɗin cengal, Baba. Ubana ne ya sare shi."

Kunya ta kama shi, irin wadda ya manta ɗanɗanonta. Ya buɗe baki zai ce a sake ciniki, ta ɗaga hannu.

"Ka kwashe katakan. Ba na son su kwana a gidan nan. Abu ɗaya, kada wani kafinta ya sa musu hanci."

Suka kama aiki. Ya cire katako bakwai, ya naɗe su da ledar ya ɗaure, ya sauke su cikin a-kori-kurarsa da kansa. Ya kankare kan gungumen da ke ƙarƙashinsu har sai da farin itace ya fito, ya jiƙa da ruwan kal, ya bari ya sha iska. Ta shiga ƙarƙashin gidan ta kwashe yashin wurin da shebur, ta zuba sabo daga bakin rafi, ta jera gawayi. Ya auna, ya yanka, ya buga sababbin. Tabon da ya bi hanyar ƙofa bai yi zurfi ba, kankara ta ɗauke shi. Daga ƙarshe suka kwarara ruwa mai tsarki a kan daɓen duka, ya bi ta tsakanin katakan ƙurya ya zube ƙasa, yadda aka gina gidan ya yi. Wurin da fenti ya goge a bango kuwa, Rosnani ta jawo kabad ta tsayar a gabansa.

Bayan la'asar Wan Jusoh ya iso da sandarsa da farar hularsa. Ya zaga falo, ya shiga ɗaki, ya tsaya a kan sabon katako yana jan iska.

"Deraman, tsakaninka da Allah, ya fita?"

"Ya fita, Alhaji. Ka sa goshinka ko'ina."

"Me ya ci katako haka har bakwai?"

Rosnani tana tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe gefen mayafinta.

"Maguna goma sha ɗaya a gidan da aka rufe da leda, Alhaji, me kake jira? Fitsarinsu ba shi da hanyar fita. Na ga wanda ya fi wannan a Kampung Raja."

Wan Jusoh ya girgiza kai. "Na sha gaya wa Yaya. Mace mai tsafta kamarta, dabbobi suka ɓata mata ƙarshe. Allah Ya gafarta mata." Ya juya wurin 'yar yayarsa. "To, jibi bayan azahar. A dafa da yawa, garin duka zai zo."

Rana ta yi sanyi lokacin da Deraman ya tsayar da motarsa a bayan kasuwar kifi. Jiragen masunta sun shigo, ana wanke kwanduna, ƙasa duk ɓawon kifi. Ya sauke magunan ya buɗe musu. Ƙananan suka watse nan take, suka bi ƙarni. Jan namijin ya fito yana taƙama, magunan kasuwa biyu suka taso masa, ya ruga ƙarƙashin wata mota. Wata tsohuwar mage fara mai ido ɗaya, wadda tun ainihi ita ce ta Mek Limah, ta ƙi fita. Sai da ya karkata kwandon. Ta sauka ta zauna a inda ta faɗo, a kan jiƙaƙƙen siminti, tana kallonsa.

"Ki yafe mu," ya ce mata. "Wani dole ya ɗauki laifin."

Ya jefa guntun ledar a cikin kwandon sharar kasuwa, ya hau mota. A madubi ya ga ba ta motsa ba har ya sha kwana.

An yi sadakar arba'in a gidan, maza sun cika falo har ɗakin, an yi salla a kan sabon katako, an ci shinkafa da miyar kifi, kowa ya yabi tsaftar marigayiya ya tsine wa maguna. In ana maganar riba, Mek Limah ce ta ci, don abin da ta ɓoye shekara guda ya bi ta kabari. Wan Jusoh ya sami wurin sa goshi. Deraman ya sami cengal bakwai da ba zai iya kai wa kowa ba, suna nan jingine a bayan shagonsa, duk damina sai su farka. Rosnani ta sami abin da ta saya, ta kulle gidan ta koma wa gadajenta ashirin da huɗu, kuma ba a ga ta yi kama da wadda ta ci riba ba. Maguna kuwa, lungu biyu da gindin ƙofa da bayan kabad ne laifinsu, suka biya na gidan duka.